TARIHIN MARIGAYI FURFESA ABDU MUMUNI NA NIJAR, MASANIN AIKI DA HASKEN RANA

Daga cikin manyan masanan da Afirka ta Yamma ta haifa a ƙarni na 20, akwai marigayi Furfesa Abdu Mumuni Diyoffo, mutumin Jamhuriyar Nijar, wanda babbar jami'ar birnin Yamai take ɗauke da sunansa. Mutane da yawa sun san sunan jami'ar, amma kaɗan ne suka san aikin da mai sunan ya yi har ya cancanci wannan girmamawa. Shi dai malamin kimiyya ne wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan magana guda, watau cewa ƙasar da ta karɓi mulkin kai, amma wutar da take haskaka gidajenta da man da yake juya injunanta duk daga waje ake kawo mata su, to, da sauran aiki a gabanta. A ganinsa rana, wadda mutanen bakin hamada suke kuka da zafinta, ita ce dukiyar da ta fi kowace yawa a hannunsu, kuma ba mai ikon rufe musu ƙofarta.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abdu Mumuni ran 26 ga watan Yuni, 1929, a garin Tasawa da ke tsakanin Maraɗi da Damagaram, amma asalin gidansu mutanen Kirtachi ne, a bakin kogin Kwara, kudu da Yamai. A wancan zamani Nijar tana ƙarƙashin mulkin Faransa, makarantun boko kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai, yaron da ya sami shiga ma ba lalle ne ya wuce ajin farko-farko ba. Abdu ya yi karatunsa na fari a Damagaram da Yamai, ya kuwa nuna hazaƙa tun yana ƙarami, har aka zaɓe shi zuwa makarantar Wiliyam Fonti ta ƙasar Sanagal. Wannan makaranta ita ce wadda Faransawa suka kafa domin horar da malamai da akawuna da ma'aikatan asibiti daga dukan ƙasashen da suke mulki a Afirka ta Yamma, kuma a can ne shugabanni irin su Modibo Keita na Mali da Jori Hamani na Nijar suka yi karatu.

Galibin waɗanda suka gama wannan makaranta sukan koma gida ne su kama aikin Gwamnati. Abdu Mumuni bai tsaya nan ba. Ya ƙara karatu a birnin Dakar, sa'an nan ya wuce Faris, inda ya duƙufa a kan ilmin fiziks, watau ilmin da yake binciken yanayin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. Ya sami digirinsa na farko a 1953. A 1956 kuma ya ci wata jarrabawa mai tsananin wuya wadda Faransawa suke tace manyan malamansu da ita, ya zama ɗan Afirka ta Yamma na farko da ya ci ta a wannan fanni.

Gwagwarmayar Neman 'Yanci

Zamansa a Faris ya zo daidai da lokacin da guguwar neman mulkin kai ta taso. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban baƙar fatar Afirka da ke karatu a Faransa, kuma a 1957 yana cikin waɗanda suka kafa wata jam'iyya a Sanagal wadda ta fito fili tana neman cikakken 'yanci, a lokacin da yawancin 'yan siyasa suke ganin abin bai yi kusa ba.

Ran 28 ga watan Satumba, 1958, Janar Digol ya sa aka jefa ƙuri'ar raba gardama a ƙasashen da Faransa take mulki, ko su zauna cikin tarayya da ita ko su ɓalle. Ƙasar Gini kaɗai ce, a ƙarƙashin Seku Ture, ta zaɓi ɓallewa. Faransa ta fusata, ta kwashe malamanta da likitocinta da sauran ma'aikatanta cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Sai waɗansu masu ilmi 'yan Afirka suka bar ayyukansu suka tafi domin su toshe wannan giɓi. Abdu Mumuni, wanda a sa'an nan yake koyarwa a Dakar, yana cikinsu. Ya koyar a birnin Konakiri, daga baya ya dawo Yamai ya ci gaba da koyarwa. Abin da ya faru a Gini darasi ne ga duk mai lura, domin ya nuna cewa ƙasar da ba ta da ƙwararrun 'ya'yanta, rana guda ana iya tsayar da ita cik.

A farkon shekarun 1960 ya tafi Tarayyar Sobiyet, wadda a lokacin take da masana da suka daɗe suna binciken yadda za a ci moriyar zafin rana. A can ne ya ƙware a fannin da ya zama aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. A 1964 ya sauka Bamako, ya kafa wa ƙasar Mali ɗakin binciken aiki da hasken rana, ya shugabance shi har shekara 5. Yana cikin wannan aiki ne ya sami babban digirin dakta daga Faris a 1967, bisa binciken da ya yi a kan madubai masu kwarmi da yadda suke tara hasken rana wuri guda.

Littafinsa a Kan Ilmi

A cikin 1964 ɗin ne kuma aka buga littafinsa a kan sha'anin ilmi a Afirka, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1968, har yanzu kuwa ana karanta shi a sassan horar da malamai. A ciki ya bayyana yadda tarbiyyar gargajiya take haɗa koyo da aiki, yaro yana koyon noma a gona, ƙira a maƙera. Ya nuna kuma cewa makarantar da 'yan mulkin mallaka suka kawo an tsara ta ne domin ta samar musu da mataimaka, shi ya sa take raba yaro da harshen uwarsa da kuma sana'ar ubansa. Shawararsa ita ce a koyar da yara da harsunansu, a yaƙi jahilci a tsakanin manya, a kuma ba kimiyya da aikin hannu babban matsayi.

Wani zai yi mamakin abin da ya haɗa malamin fiziks da maganar harshen koyarwa. A wurinsa abin duk ɗaya ne. Injin da aka dasa a ƙauye, in babu ɗan ƙauyen da ya fahimci yadda yake aiki, ranar da ya lalace ya zama kufai, sai an jira wani daga birni ko daga Turai. A 1973 Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, garin da shi kansa ya fara karatu da Faransanci.

Ofishin Aiki da Hasken Rana

A 1969 ya komo gida, aka ba shi shugabancin ofishin aiki da hasken rana na Nijar, wanda aka fi sani da ONERSOL, ya riƙe shi har 1985. Dalilinsa na dogara ga rana a fili yake. Nijar ba ta da bakin teku, man fetur a wancan lokaci sai an ɗauko shi daga tashoshin jiragen ruwa masu nisan ɗaruruwan kilomitoci, kuma garuruwanta a warwatse suke, jan wayar lantarki zuwa kowane ɗaya ya fi ƙarfin baitulmali. Ga shi kuwa ƙasar tana samun hasken rana na kimanin awa 3,000 a shekara, kuma da tsakar rana, in sama ta yi garau, kowace murabba'in mita guda na ƙasa yana karɓar ƙarfin da ya kai kimanin wat 1,000.

Kayan da ofishin ya riƙa ƙerawa ba masu wuyar ganewa ba ne. Akwai na'urar dafa ruwa, wadda ba kome ba ce illa faifan ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, aka bi shi da bututu, aka rufe da gilashi. Baƙin ƙarfen yana shan zafi, gilashin yana hana zafin fita, ruwan da ya yi zafi kuma ya fi na sanyi rashin nauyi, saboda haka yakan hau tanki da kansa ba tare da famfo ba. Akwai na'urar tace ruwa, inda rana take mai da ruwa tururi, tururin ya taru a jikin gilashi ya gangaro tsarkakakke, ya bar gishiri da datti a baya. Akwai na'urar busar da amfanin gona, da murhu mai madubi kamar babbar ƙwarya, wanda yake tara haske a gindin tukunya. Har ila yau, tare da haɗin gwiwar wani kamfanin Jamus, ya yi aiki a kan injin da zafin rana yake juyawa, wanda za a iya ɗaga ruwa da shi ko a samar da lantarki.

Abin da ya bambanta shi da waɗansu shi ne nacewarsa a kan cewa a ƙera kayan nan a cikin ƙasa, da hannun 'yan ƙasa. Saboda haka ofishin ya haɗa bincike da masana'anta, ya horar da injiniyoyi da masu aikin ƙarfe.

Zamani ya zo ya gaskata shi. Daga 1968 zuwa 1974 fari ya afka wa ƙasashen bakin hamada, dabbobi suka ƙare, itatuwa suka bushe, aka kuma ƙara gane ɓarnar da saran itacen girki yake yi wa ƙasa. A 1973 farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo, cikin 'yan watanni ya ninka kusan sau 4. Duniya ta waiwayo ga rana. A shekarar ce hukumar UNESCO ta kira babban taron masana a Faris a kan yadda rana za ta yi wa ɗan'adam hidima, Abdu Mumuni kuwa yana cikin waɗanda suka yi aikin taron. Sunan Nijar ya fito a wannan fanni, har ƙasashe maƙwabta suka riƙa duban Yamai a matsayin abin koyi. A 1979 aka naɗa shi shugaban Jami'ar Yamai, ya riƙe muƙamin kimanin shekara 3, bai kuwa bar koyar da fiziks ba.

Cikas da Aikin ya Gamu da Shi

Duk da haka aikin bai kai inda ya yi fata ba, dalilan kuwa suna da yawa. Ƙarfe da gilashi da sauran kayan ƙira daga waje ake sayo su, saboda haka na'urorin suka yi wa talaka tsada. Murhun rana yana bukatar mace ta tsaya cikin garjin rana tana juya madubi, alhali kuwa tuwon dare da yamma ake tuƙa shi, lokacin da rana ta yi sanyi. Kuɗin ma'adinin yuraniyom na Arlit, waɗanda suka cika baitulmalin Nijar a ƙarshen shekarun 1970, sun ja baya a farkon shekarun 1980. A 1986 kuma farashin mai ya faɗi warwas, ƙasashen da suke ba da taimako suka juya wa binciken rana baya. Tun 1976 ma an riga an jawo wayar lantarki daga Nijeriya ta Birnin Kebbi zuwa Yamai, wutar madatsar ruwa ta Kainji kuwa tana da araha, sai hankalin mahukunta ya kwanta a kanta.

Allah ya yi wa Furfesa Abdu Mumuni rasuwa a Yamai ran 7 ga watan Afrilu, 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Abin da ya Biyo Baya

Bayan rasuwarsa fasahar ta canza hanya. Shi ya fi ba da ƙarfi ga zafin rana, amma abin da ya yi rinjaye daga baya shi ne faranti mai mai da haske lantarki kai tsaye, wanda ake kira sola. Tsakanin 2010 da 2020 farashin irin wannan faranti ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100, har ya shiga ƙauyuka, ana haskaka ɗaki da shi, ana cajin waya, ana ɗaga ruwan rijiyar burtsatse, ana sanyaya allurar rigakafi. A 2018 Nijar ta buɗe tashar sola a Malbaza, a 2023 kuma wata mai ƙarfin megawat 30 ta fara aiki a Goru Banda, kusa da Yamai.

A cikin watan Agusta na 2023 ɗin, bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar, Nijeriya ta yanke wutar da take ba ta bisa takunkumin ƙungiyar ECOWAS, ba a mayar ba sai a watan Maris, 2024. A lokacin kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa. Watannin duhun da aka yi sun tuna wa mutane da yawa gargaɗin marigayin, cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai rabin burinsa ne kawai ya cika. Farantan da suke kan rufin gidaje a Tasawa da Maraɗi, da Kano da Sakkwato, kusan dukansu daga ƙasashen waje ake shigo da su, galibi daga Sin, haka kuma baturansu. Ƙera su a gida, da horar da waɗanda za su gyara su, da rubuta ilminsu cikin harshen da manomi yake ji, su ne ayyukan da ya bari, suna kuwa jiran ɗalibai da ma'aikatan Gwamnati masu tsara manufofi da kasafin kuɗi. Allah ya jiƙan Furfesa Abdu Mumuni, ya gafarta masa, amin.