Joseph Paxton, ɗan manomin da ya gina gidajen gilashi

A kwanakin nan ƙungiyoyin manoma da dama na maganar kafa gidan renon tsirrai, wanda ake rufewa da leda ko gilashi. To, ga tarihin mutumin da ya kai wannan sana'a ƙololuwa.

An haifi Joseph Paxton a 1803 a wani ƙauye na yankin Bedfordshire a Ingila. Ɗan manomi ne, bai yi zurfin karatu ba. Yana ɗan shekara 15 ya fara aikin yaron lambu. Daga baya ya samu aiki a lambun gwaji na Chiswick, inda basaraken Devonshire, William Cavendish, ya lura da hazaƙarsa. A 1826 ya ɗauke shi shugaban masu lambu a gidansa na Chatsworth, alhali bai fi shekara 23 ba.

Matsalar Ingila sanyi ne. Shukar ƙasashen zafi ba ta rayuwa a waje, sai a ɗaki mai ɗumi. Paxton ya lura cewa shimfiɗaɗɗen rufi ba ya kama hasken safe da na yamma yadda ya kamata. Sai ya tsara rufin gilashi mai tudu da kwari, kamar kunyoyin gona, ta yadda ranar safe da ta la'asar za su shiga sosai, ta tsakar rana kuma ta rage kaifi. Ya yi wa katakon kwararo: ruwan sama ya bi ta waje, gumin da ke taruwa a jikin gilashi ya bi ta ciki, kada ya riƙa ɗiga a kan ganye. Duk wanda ya taɓa ganin yadda laima ke jawo ruɓa a tumatir ya san wannan ba ƙaramar dabara ba ce.

Daga 1836 ya fara gina katafaren gidan gilashi a Chatsworth, mai tsawon kusan mita 84, faɗi mita 37. Keken doki na ratsa tsakiyarsa. Tukwane takwas ne a ƙarƙashin ƙasa ke dafa ruwa da kwal, ruwan zafin yana zagayawa ta bututun ƙarfe. Sarauniya Victoria ta ziyarci wurin a 1843.

A 1849 ya sa wani irin bado na kogin Amazon ya yi fure. Ganyensa faɗi gare shi, har ya ɗora 'yarsa Annie a kai bai nutse ba. Da ya duba ƙasan ganyen, sai ya ga jijiyoyi masu kauri da ƙanana sun sarƙe, su ke ɗaukar nauyin. Wannan tsari ya ƙara masa ƙwarin gwiwa kan gini mara nauyi.

Da Ingila ta shirya babban baje kolin duniya na 1851 a Landan, an yi watsi da zane 245 na masu gasa. Na mai lambu aka ɗauka. Ginin, Crystal Palace, ya kai kusan mita 560, kuma an haɗa shi ne da sassa masu awo ɗaya da aka ƙera a masana'anta, shi ya sa aka gama cikin watanni. Manyan bishiyoyin da ke filin ma ba a sare su ba, rufin ya lulluɓe su. Sama da mutum miliyan 6 suka shiga kallo. An ba shi sarautar Sir, ya zama ɗan majalisa a 1854, ya rasu a 1865.

Ni dai abin da nake so ƙungiyoyi su duba shi ne ƙarshen gidan Chatsworth. Aljihun basarake ne ya riƙe shi. Lokacin yaƙin duniya na farko kwal ya yi ƙaranci, ma'aikata sun tafi fagen daga, tsirrai suka mutu, aka rushe shi a 1920. Mu nan zafi ne damuwarmu, amma lissafin ɗaya ne: kafin a kafa ƙarfe, a san wa zai biya kuɗin ruwa, man janareta da sauya leda. Shi kuwa Crystal Palace, an mayar da shi kudancin Landan ya zama wurin bukukuwa da wasanni, gobara ta cinye shi a 1936.

Abin da ya saura shi ne ayaba. Paxton ya reni wata ayaba a ɗakin ɗumi, ta yi 'ya'ya a 1836, ya sa mata sunan maigidansa, Cavendish. Ita ce yau ta mamaye kasuwar ayabar da ake fitarwa ƙasashen waje, kuma har yanzu ana nomanta a Chatsworth.