Likita Mila (1872–1952): Baƙon da Ya Zo Neman Sarakuna, Ya Samu Yara

Kowace shekara idan taron ƙungiyarmu ya ƙarato, kwamiti yakan zauna ya tsara waɗanda za a zaunar a babban teburi da waɗanda za a ba lambar yabo. Yawanci sunayen da kan fara zuwa bakinmu su ne na masu muƙami da masu hannu da shuni. Ba mu ce wannan laifi ne ba, domin girmama na gaba tarbiyyarmu ce, kuma aikin gayya ba ya tafiya sai da kuɗi. Amma mu da muka ƙare ƙarfinmu a gaban allo da alli muna ganin ya kamata a riƙa tambaya, su wane ne ainihin mutanen da suka gina mu? Domin neman amsa muka ga ya dace a wannan fitowa mu waiwayi rayuwar wani bawan Allah wanda yawancin matasanmu na Rano da Kibiya ba su taɓa jin sunansa ba, alhali kuwa kakanninsu sun yi shekaru suna karanta aikin hannunsa kowace Lahadi. Shi ne Dokta Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila.

An haife shi a 1872 a ƙasar Ingila, ya yi karatun likitanci a asibitin Saint Bartholomew da ke Landan. Da ya so, da ya zauna a ƙasarsu ya ci gajiyar iliminsa, amma sai ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS da niyyar zuwa ƙasar Hausa. Da farko ya tafi Tarabulus, inda fatake da alhazan Hausa suke yada zango, domin ya koyi harshe a bakin masu shi. A can ne ya haɗu da wani yaro Bahaushe mai suna Abdulmajid, wanda ya baro gida da niyyar aikin Hajji. Wannan yaro, wanda ba shi da dukiya balle sarauta, yana cikin waɗanda suka buɗe wa likitan kunne ga Hausa, daga baya kuma ya zama kamar ɗa a gidansa.

A 1900 Mila ya shigo tare da Bishop Tugwell da wasu abokan tafiya uku. Burinsu shi ne birnin Kano, domin a tunaninsu idan sarki da manyan malamai suka karɓe su, talakawa za su bi. Sun isa Kano, aka kai su gaban Sarki Alu Babba, shi kuwa ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Idan za mu yi adalci, sarki yana da dalilinsa. A farkon wannan shekara ne Lugga ya kafa tutar Ingila a Lokoja, ga kuma Turawa sun shigo ba tare da izini ba, cikin birnin da ya daɗe da addininsa da malamansa. Ayarin ya koma ƙasar Zazzau ya zauna a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Ryder, ya rasu, wani kuma ciwo ya sa aka mayar da shi gida. A idon duniya tafiyar ta watse.

Mila bai yi zuciya ba. Ya dawo, kuma a 1905 ya samu ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Nan ma ya sa rai ga 'ya'yan sarakuna da na malamai, amma kaɗan ne suka zo, zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi kuma bai yi daɗi ba. Dole mu faɗi gaskiya a nan: Mila mutum ne mai zafin rai da kaifin harshe. Ya soki sarakuna, ya soki gwamnatin Turawa 'yan uwansa, a wasu rubuce-rubucensa kuma ya yi wa addinin maƙwabtanmu Musulmi hukuncin da mu, da muke cin kasuwa ɗaya da su, muke shan rijiya ɗaya, ba za mu yi ba. Ba mala'ika muke ba da labari ba. Abin da ba wanda ya taɓa musa masa shi ne riƙon yaran da suka shigo hannunsa. Marayu da 'ya'yan talakawa da waɗanda aka 'yanto daga bauta, su ne suka cika makarantar, ya ciyar da su, ya yi jinyarsu, ya koya musu karatu da kansa.

Babban sauyi ya zo a 1913, ta ƙofar da bai taɓa zato ba. Tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa ya kai shi ga ɗaukaka Annabi Isa fiye da yadda malaman fada suka yarda, har aka kashe shi a kan haka. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watsu zuwa ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau da Ningi, ƙasar da ba ta da nisa da tamu. Jikokin wannan jama'a, manoma ne da ba a san da su a fada ba, su ne suka taka har Zariya suka nemi Mila ya ƙara musu bayani. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, da majami'a da makaranta. Ba a daɗe ba ciwon barci ya auka wa garin, ya kashe mutane da yawa, har aka tashi daga wurin. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa makarantar Zariya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa, ga makaranta, ga asibiti. Yanzu sai mu duba abin da ya tsiro daga wannan ƙaramin gida. Daga nan Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, kuma sunansa ne babban asibitin Barau Dikko na Kaduna yake ɗauke da shi. Daga nan Malam John Tafida ya fito, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, littafin da mu kanmu muka karanta, muka kuma karantar. Farfesa Ishaya Audu, tsatson Isawa, a makarantar Wusasa ya fara, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Janar Yakubu Gowon ma, ɗan mai wa'azi, a nan ya tashi. Ba ɗaya daga cikinsu da aka haifa a gidan da duniya take yi wa kallon girma a lokacin.

Abin da ya iso gare mu kai tsaye shi ne Littafi. Mila ya shafe shekaru masu yawa yana fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, tare da wasu 'yan mishan irin su Dokta Stirrett na SIM, wanda ake kira Bature Mai Magani, da kuma Hausawan da suka zauna da shi suna gyara masa kalma bayan kalma. Cikakken littafin ya fito a 1932. Ba Mila ne ya kawo bishara ƙauyukanmu ba. Wasu mishan ne suka zo daga baya, da masu bishara baƙar fata da suka sha rana a ƙafa da kan keke. Amma littafin da ke cikin jakarsu nasa ne, kuma da shi iyayenmu da yawa, waɗanda ake kira Maguzawa ana yi musu kallon bayan gari, suka fara gane baƙaƙen boko. Mila ya ajiye aikin CMS a 1935, amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya dawo ya ƙarasa kwanakinsa a Bukuru kusa da Jos, ya rasu a 1952 yana da shekara 80.

Darasin a fili yake ga wanda ya san Littafi. A Markus sura 9, da almajirai suka yi gardama kan wane ne babba, ƙaramin yaro Ubangiji Yesu ya ɗauko ya tsayar a tsakiyarsu. A Matiyu sura 25 kuma ya nuna cewa a ranar shari'a za a auna mutum ne da yadda ya yi da mayunwaci da baƙo da marar lafiya da ɗan kurkuku. Mila ya taso daga ƙasarsu yana lissafin fada, Allah kuwa ya ajiye masa aikinsa a wurin yaron hanya a Tarabulus, da manoman Gimi, da marayun da annoba ta bari. Haka nan idan kowannenmu ya zauna ya yi lissafin gaskiya, zai tarar waɗanda suka tsaya masa ba su ne waɗanda hotunansu ke cikin kalanda ba. Malamin firamare ne da ya biya masa kuɗin jarrabawa daga ɗan albashinsa, ko gwaggon da ta sayar da akuyarta ranar da za shi makarantar kwana, ko maƙwabci Musulmi da ya ɗauki mahaifiyarsa a kan babur zuwa asibiti da tsakar dare.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya abu biyu. Na farko, cikin lambobin yabo na kowace shekara a keɓe ko da guda ɗaya domin irin waɗannan mutane, tsofaffin malamai da masu bishara da unguwarzoma, tun suna da rai, kada mu jira sai ranar jana'iza. Na biyu, duk abin da aka tara domin ilimi a fara da yaran da ba su da mai tsaya musu, maza da mata, ba tare da duba gidan da suka fito ba. Ba mu san wanda Allah ya ɓoye a cikinsu ba, kamar yadda Likita Mila bai san abin da ke cikin yaran Gimi ba ranar da ya buɗe musu ƙofa.

Allah Ya ba mu idon gane mutanenmu, Ya albarkaci ƙasar Rano da Kibiya, Ya kai mu taron baɗi lafiya. Amin.