George Eastman, ma'aikacin banki da ya saka kyamara hannun talaka

Duk inda muka ji wata ƙungiyar masu sha'awar hoto ta shirya gasa, an ce wannan wata hoton kasuwa ake so, wata mai zuwa na yara ko na dabbobi, to mu sani akwai mutum guda da ya share fagen wannan al'ada. Sunansa George Eastman, Ba'amurke, wanda ya kafa kamfanin Kodak. Manyanmu ba su manta da kwalin fim mai ruwan ɗorawa da ake gani a shagunan masu hoto na Yamai, Damagaram da Maraɗi ba.

An haife shi ranar 12 ga Yuli 1854 a garin Waterville na jihar New York. Mahaifinsa ya rasu a 1862, ya bar uwa da 'ya'ya uku cikin ƙunci, har sai da uwar ta riƙa saukar da 'yan haya a gidansu na Rochester don a samu na tuwo. Yaron bai gama lakwal ba. Ya fara da aikin ɗan aike a wani kamfanin inshora, daga baya a 1874 ya samu aikin akawu a banki.

A 1877 ya yi niyyar tafiya Santo Domingo, sai ya sayi kayan ɗaukar hoto. A wancan zamani kayan nan lodi ne: ƙatuwar kyamara, ƙafafunta, farantan gilashi, kwalaben magani, da tanti mai duhu, domin dole a shafa wa gilashin magani, a ɗauki hoton, a wanke shi nan take tun bai bushe ba. Tafiyar ba ta yiwu ba, amma wahalar kayan ta tsaya masa a rai. Da rana yana banki, da dare yana ɗakin girkin mahaifiyarsa yana gwaje-gwaje, har kusan shekara uku. A 1880 ya fara sayar da busassun farantai waɗanda ba sai an jiƙa ba. Shekara guda bayan haka ya haɗa jari da Henry Strong, wani mai ƙera bulalar keken doki, ya ajiye aikin banki.

Babban canjin ya zo a 1888. Ya fito da wani ɗan akwati mai suna Kodak, kalmar da shi ya ƙirƙiro ta don yana son harafin K. Kuɗinsa dala 25, kuma da fim na hoto 100 a cikinsa. In fim ya ƙare, sai mutum ya aika da akwatin gaba ɗaya zuwa Rochester tare da dala 10, a wanke, a buga, a sa sabon fim, a maido masa. Ke nan mai hoto ba ya bukatar sanin magani ko ɗakin duhu, danna maɓalli kawai ne nasa. A 1900 kuma aka fito da Brownie, na kwali, dala ɗaya tak, aka yi shi musamman don yara.

Mutanen tsofaffin ƙungiyoyin kyamara, waɗanda ke ɗaukar hoto a matsayin fasaha ta masu ilimi da hali, da yawansu sun raina 'yan danna-maɓallin nan. Eastman bai yi gardama da su ba, gasa ya buɗe. A 1897 kamfaninsa ya ɗauki George Davison, wanda ya yi sakataren ƙungiyar kyamara ta Landan, shi ya shirya babbar gasa da baje kolin hotunan 'yan sha'awa a birnin, dubban mutane suka je kallo. Yara ma an buɗe musu ƙungiyar Brownie mai gasarta da kyaututtukanta. A 1930 kamfanin ya raba kyamara wajen 500,000 kyauta ga yaran da suka cika shekara 12. A 1931 aka yi gasar duniya mai kyautar dala 100,000, aka kasa ta gida shida, har da rukunin yara, na dabbobi, na wasanni da sana'o'i. Wanda ya lashe babbar kyautar wani saurayi ne ɗan Ingila, da hoton budurwarsa a bakin teku gab da faɗuwar rana.

Mu dai a ganinmu kada a ɗauka duk wannan alheri ne zalla. Kowace gasa fim take ci, ribar kamfanin kuwa a fim take, ba a akwatin ba. Amma ko da ciniki ne ya jawo, talaka ya samu hoton uwarsa da na ɗansa, abin da dā sai sarakuna da attajirai. Akwai kuma tabo a tarihin: wani limamin coci, Hannibal Goodwin, ya riga kamfanin neman rajistar fim mai lanƙwasuwa tun 1887. Ya mutu a 1900 bai ci moriya ba, sai a 1914 kotu ta sa Kodak ya biya dala miliyon 5 ga waɗanda suka gaji haƙƙinsa.

Eastman bai taɓa aure ba. Dukiyar da ya bayar ta haura dala miliyon 100: ga jami'ar Rochester, ga makarantar fasaha ta MIT, inda ya daɗe yana bayarwa da sunan aro, da kuma makarantun baƙar fata na Tuskegee da Hampton. Ya gina asibitocin haƙori a Rochester, Landan, Roma, Paris da wasu birane. Ya zo gabashin Afirka yawon farauta a 1926.

Ƙarshensa ba daɗin ji. Ciwon ƙashin baya ya hana shi tafiya sosai, kuma ranar 14 ga Maris 1932 ya kashe kansa a gidansa, yana da shekara 77. Gidan ya zama gidan tarihin hoto a 1949. Shi kuwa kamfanin, injiniyansa Steven Sasson ne ya haɗa kyamara marar fim tun 1975, amma shugabanni suka yi sanyin jiki don gudun kashe kasuwar fim. A 2012 Kodak ya shiga kotu neman kariya daga masu binsa bashi, a lokacin da kyamarar ta riga ta koma cikin wayar salula.