Tarihin Lamark, Masanin Dabbobi na Ƙasar Faransa

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, amma mene ne ɗa ke gada wurin uwaye? Abin da uwa ta gamu da shi cikin zaman duniya, ƙoshi ko yunwa, wahala ko jin daɗi, yana bin jinin ƴaƴanta? Bisa wannan tambaya ne Jan-Batis Lamark ya ƙare rayuwarsa, kuma har yau masana ba su gama da ita ba.

An haife shi ran 1 ga watan Agusta 1744 a ƙauyen Bazantan, arewacin Faransa. Shi ne na 11 kuma auta cikin gida mai asali amma maras dukiya. Ubansa ya so ya zama limamin kirista, ya sa shi makaranta a garin Amiyan. Bayan rasuwar uban, sai ya bar karatu ya shiga soja cikin 1761, ya yi yaƙi a ƙasar Jamus, inda jaruntarsa ta sa aka ba shi galan hafsa. Ciwon wuya ya fid da shi daga aikin soja. Ya koma birnin Paris yana aikin akawu a banki, yana kuma nazarin tsirrai.

Cikin 1779 littafinsa bisa tsirran Faransa ya fito, juzu'i 3. Ya shirya shi ta yadda mai karatu zai riƙa zaɓen ɗaya cikin siffofi biyu, mataki-mataki, har ya kai ga sunan tsiron da ke hannunsa. A wannan shekara aka karɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta ƙasar.

Cikin 1793, bayan juyin mulkin Faransa, aka kafa gidan tarihin halittu na Paris, aka ba shi koyar da ilimin ƙwari da tsutsotsi, sashen da manyan malamai suka raina. Yana kusa da shekara 50 ya soma wannan karatu tun daga tushe. Shi ya tsara dabbobi marasa ƙashin baya, ya ware gizo-gizo da kunama daga jinsin ƙwari, ya kuma rubuta juzu'i 7 a kansu tsakanin 1815 da 1822.

Wurin gwada ɓawon katantanwa na dā da aka tono cikin ƙasa da na zamaninsa, ya lura cewa siffarsu ta riƙa sakewa sannu-sannu. Cikin 1809 ya bayyana ra'ayinsa: dabbobi suna canzawa tare da wurin zamansu. A ganinsa, gaɓar da ake yawan aiki da ita tana ƙarfi, wadda aka bari tana lalacewa, kuma ƴaƴa suna gadon wannan canji. Ya kawo misalin raƙumin dawa, ɗan'uwan waɗanda ke kiwo a yankin Kure: yawan miƙa wuya zuwa ganyen itace, zuriya bayan zuriya, shi ya tsawaita shi.

Abokan aikinsa ba su yarda ba. Babbansu, Jorj Kuviye, ya tsaya bisa cewa jinsi ba ya canzawa, kuma shi ke da faɗa a ji. Lamark ya tsufa cikin talauci, idanunsa suka mutu, ya zamana ɗiyarsa ce ke rubuta abin da yake faɗi. Cikin 1827 raƙumar dawa da sarkin Masar ya aiko wa sarkin Faransa kyauta ta iso Paris, aka ajiye ta cikin lambun da Lamark ya yi aiki. Jama'ar Paris suka yi ta tururuwa kallonta, shi kuwa ba ya gani. Ya rasu ran 18 ga watan Disamba 1829. Sai da iyalinsa suka nemi taimakon kuɗin jana'iza, aka sayar da littattafansa, kuma yau ba a san inda ƙasusuwansa suke ba.

Bayansa, cikin 1859, Carles Darwin na Ingila ya kawo wani bayani: ƴaƴa suna zuwa da bambanci tun haihuwa, wanda siffarsa ta dace da wurin shi ya fi tsira ya hayayyafa. Daga baya Bajamushe Ogust Waisman ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye har zuriya 5, amma duk ƴaƴan suka fito da wutsiya. Da ilimin ƙwayoyin gado ya kankama, sai ya tabbata cewa miƙa wuya ba ya tsawaita wuyan ɗa. Nan Lamark ya yi kuskure.

Duk da haka tambayarsa ba ta mutu ba. Cikin 1942 Baturen Ingila Konrad Wadinton ya ƙago kalmar epijenetik. Yau an san cewa akwai ƙananan alamomi da ke mannewa bisa sinadarin gado, wato ADN, suna buɗe aikin wata ƙwaya ko su rufe shi. Tamkar wasali ne bisa baƙi: baƙin yana nan, amma karatun ya sake. Abinci da wahalar ƙuruciya suna iya taɓa waɗannan alamomi. Cikin 2003, a Amurka, an nuna cewa abincin uwar ɓera yana canza launin gashin ƴaƴanta ta wannan hanya. Cikin 2019 masu binciken kuraye a dajin Masai Mara na ƙasar Kenya suka samu cewa alamomin ƴaƴan kura suna bambanta bisa ga matsayin uwarsu cikin garke. Sai dai ga dabbobi masu shayarwa, yawancin alamomin suna gogewa kafin su kai ga jikoki. Ga tsirrai da wasu tsutsotsi ne suka fi daɗewa.

Wannan bincike yana da amfani ga masu tsaron namun daji, domin fari da ƙarancin makiyaya ba su tsaya ga dabbar da ta sha su ba, suna iya barin tabo ga abin da ta haifa.

Cikin 1909, shekara 100 bayan fitowar babban littafinsa, masana na ƙasashe da yawa suka tara kuɗi aka kafa mutum-mutuminsa a ƙofar lambun nan na Paris. Amsar da ya bayar ta faɗi, amma yana cikin na farko da suka dage cewa mai son fahimtar dabba sai ya dubi wurin da take zaune da zamanin da ya shuɗe a kanta.