Theodore Roosevelt, Makiyayin Da Ya Zama Shugaban Amurka

A jihar Dakota ta Arewa, cikin ƙasar Amurka, akwai wani yanki da mutanen wurin ke kira Mugunyar Ƙasa, saboda ruwa da iska sun zaizaye shi, ya zama tsaunukan yumɓu da kwazazzabai a tsakiyar filin ciyawa. A can ne aka keɓe wani gandun daji mai faɗin eka wajen 70,000 da sunan mutumin da muke so mu ba masu karatu labarinsa yau.

An haifi Theodore Roosevelt a birnin Niyok ran 27 ga Oktoba, 1858, a gidan masu hali. Ya tashi da ciwon fuka, har ubansa ya hore shi da motsa jiki kullum, ya kuwa dage sai da ya ƙarfafa. Ya gama karatu a jami'ar Harvard cikin 1880, shekarar da ya auri Alice Lee, ya kuma shiga majalisar dokokin jiharsu yana da shekara 23.

Cikin Satumba, 1883, ya tafi Mugunyar Ƙasa farautar ɓaunar Amurka. Dabbar nan a dā miliyoyi ce, amma maharba sun kusa ƙarar da ita, sai da ya yi kwanaki yana yawo cikin ruwa da taɓo kafin ya harbe guda. Duk da wahalar, ƙasar ta shiga ransa, ya zuba dala 14,000 cikin kiwon shanu kafin ya koma gida.

Ba a jima ba ƙaddara ta auko masa. Ran 14 ga Fabrairu, 1884, uwarsa da matarsa suka rasu rana ɗaya, a gida ɗaya, kwana biyu bayan matar ta haifa masa 'ya mace. Ya danƙa jaririyar hannun yayarsa, ya koma Dakota, ya kafa sabon garke da ake kira Elkhorn a bakin kogin Little Missouri. Can ya zauna da makiyaya, yana wuni bisa doki kamar kowa. Da fari suna yi masa ba'a don tabarau ɗinsa, amma da suka ga ba ya gudun aiki sai suka girmama shi. Cikin 1886 ma wasu ɓarayi uku suka sace masa kwalekwale, ya bi su cikin tsananin sanyi, ya kama su, ya kai su gaban hukuma a garin Dickinson maimakon ya yanke musu hukunci da kansa.

To, makiyayan ƙasar sun tara shanu fiye da abin da ciyawa za ta ɗauka. Da sanyin 1886 zuwa 1887 ya zo da ƙanƙara mai yawa, shanun da ba su ƙoshi ba suka yi ta mutuwa dubbai, shi kansa ya yi asarar fiye da rabin garkensa. Gani ya kori ji: ya gane cewa daji da ciyawa da namun dawa suna ƙarewa in ba a kula ba.

Cikin 1901 aka harbe Shugaba McKinley, Roosevelt da ke mataimakinsa ya hau mulki yana da shekara 42. Kafin ya sauka cikin 1909 ya kafa ma'aikatar gandun daji ta ƙasa a 1905, ya sa eka wajen miliyan 230 ƙarƙashin tsaron gwamnati, ko da yake attajiran katako da ma'adinai sun yi ta adawa da shi. Cikin 1906 aka ba shi lambar Nobel don sulhunta Rasha da Japan. Ba mu ce ba shi da aibu ba, gama ya raina Indiyawan da aka ƙwace wa ƙasar, kuma tafiyar farautar da ya yi a Afirka ta Gabas, wadda ta ƙare a Kartum cikin 1910, ta ci dabbobi masu yawa. Ya rasu ran 6 ga Janairu, 1919, yana da shekara 60.

An keɓe gandun tunawa da shi cikin 1947, aka mai da ɓauna cikinsa a 1956. Wanda ya ziyarci wurin yau zai ga garkensu suna kiwo, da dawakin jeji, da ɗan ɗakin katako da ya fara zama ciki, a kusa da garin Medora. Muna roƙon malamai su karanta wa almajiransu labarin nan, akawuna kuma da takardun makiyaya da gandun daji ke bi ta hannunsu su tuna cewa abin da aka bari ya lalace yau, 'ya'yanmu ne za su nema su rasa.