Waliyyi Atanasiyus na Iskandariya, Bishop da Malamin Ikilisiya

Kowace Lahadi sa'ad da muke furta Shaidar Bangaskiya a cikin Misa, akwai wurin da mukan sunkuyar da kai gaba ɗaya, wato inda muke shaida cewa Ɗan Allah ya ɗauki jiki irin namu daga Budurwa Maryamu. A ranar Kirsimeti da ranar 25 ga Maris kuwa har durƙusawa mukan yi. Cikin waɗanda suka sha wuya domin wannan gaskiya ta iso gare mu ba gauraye akwai Waliyyi Atanasiyus, ɗan Afirka, wanda Ikilisiya take tunawa da shi ran 2 ga Mayu.

An haife shi a Iskandariya, babban birnin ƙasar Masar na wancan zamani, wajen shekara ta 296. Yana yaro aka yi tsanani mai zafi wanda Sarki Diyokletiyan ya tayar wa Kirista a shekara ta 303. Bishop Iskandar ya ɗauke shi a hannunsa, ya naɗa shi dikon, ya kuma mai da shi magatakardansa.

A kwanakin nan wani firist na birnin, mai suna Ariyus, ya fara koyar da cewa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukaka cikin halittu duka, amma yana da mafari, ba daidai yake da Uba ba. Koyarwar ta bazu, ta raba Ikilisiya, har Sarki Konstantin ya kira bishop wajen 300 zuwa garin Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekara ta 325. Atanasiyus ya raka Bishop Iskandar zuwa wannan majalisa. A can aka tabbatar cewa Ɗa haifaffe ne tun fil azal, ba halitta ba ne, zatinsa ɗaya da Uba. Da Iskandar ya rasu a shekara ta 328, aka zaɓi Atanasiyus ya gaje shi, yana da shekara kamar 30.

Dalilin tsayawarsa yana cikin littafin da ya rubuta a kan zaman Kalma mutum. Ya nuna cewa zunubi ya jefa ɗan Adam cikin ruɓa da mutuwa, halitta kuwa ba ta iya fid da 'yar'uwarta halitta daga kabari, sai dai Wanda ya ba da rai tun farko. Ya kawo misalin babban sarki da ya shiga gari ya sauka a gida ɗaya: saboda saukarsa garin duka ya sami martaba, 'yan fashi kuma ba su ƙara kusantarsa. Haka Kalman Allah, da ya zauna a jiki ɗaya irin namu, ya ɗaukaka 'yan Adam duka, ya karya ikon mutuwa a kansu. In da Yesu halitta ne kawai, da wakili aka aiko mana, Sarkin da kansa bai zo ba, da kuma har yanzu muna cikin bauta.

Magoya bayan Ariyus suna da ƙarfi a fada, suka yi ta ƙulla masa sharri. A majalisar Taya, a shekara ta 335, aka zarge shi da kashe wani bishop mai suna Arseniyus da yanke masa hannu. Atanasiyus ya fito da mutumin a gaban taro da ransa, hannuwansa biyu lafiya. Da wannan ta ƙi ci, suka gaya wa Konstantin wai yana shirin tare jiragen hatsi masu zuwa Konstantinoful daga Masar. Sarki ya kore shi zuwa Tiriya, a ƙasar Jamus ta yau. Ya komo a 337, aka sake korarsa a 339, ya tafi Roma inda Paparoma Yuliyus na Ɗaya ya karɓe shi, ya wanke shi daga zargi. Sai a 346 ya koma wurin garkensa.

A watan Fabrairu na 356 sojoji suka kewaye majami'ar da yake addu'ar dare tare da jama'a. Aka fid da shi cikin hargitsin, ya shekara shida yana ɓoye a hamada wurin sufaye, yana kiwon Ikilisiyarsa ta wurin wasiƙu. Shi ne ya rubuta tarihin Waliyyi Antoni, uban sufayen hamada. Sarki Yuliyan da Sarki Balens su ma sun kore shi. Sau biyar ke nan, a hannun sarakuna huɗu, kimanin shekara 17 cikin shekara 45 na bishopcinsa. Duk da haka shi ya naɗa Furumentiyus bishop na fari na ƙasar Habasha, a wasiƙarsa ta Ista ta 367 kuma ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari kamar yadda muke da su. Ya rasu a Iskandariya ran 2 ga Mayu, 373. Bayan shekara takwas, majalisar Konstantinoful ta 381 ta sake tabbatar da bangaskiyar Nikiya.

Mu da muke zaune a Sundimina da ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, ba mu da yawa, kuma maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda suke girmama Yesu ɗan Maryamu a matsayin annabi, sukan tambaye mu yadda Allah Maɗaukaki zai zama mutum. Ya kamata mu san amsarmu, mu ba da ita da tawali'u da ladabi, ba tare da jayayya ba. Allah ɗaya muke bauta wa. Ba mu ce ya haifu irin haihuwar mutane ba. Mun gaskata cewa Kalmansa madawwami, saboda ƙauna, ya zo ya zauna tare da mu, bai kuwa rasa kome daga Allahntakarsa ba.

Wannan bangaskiya tana da amfani a gona da cikin gida. Ubangiji ya yi aikin sassaƙa a Nazarat, ya ji yunwa da ƙishi da gajiya, ya yi kuka a kabarin Li'azaru. Manomin da damina ta yanke masa, da matar da take jinyar ɗanta da dare, suna roƙon Wanda ya ɗanɗana wahalar jiki da kansa. Tun da Allah bai raina jikin mutum ba, ba mu da ikon raina tsoho, ko maraya, ko mai ciwo, ko baƙo, kowane addini yake bi. Jikin nan da ya ɗauka daga Maryamu kuwa shi ne muke karɓa a bagade, saboda haka sai mu matso da tsabtar zuciya.

Bari iyaye da katikis su koya wa yara ma'anar sunkuyawar da muke yi cikin Shaidar Bangaskiya, domin su riƙe ta da sani.

Waliyyi Atanasiyus, ka yi mana addu'a. Amin.