Tarihin Jon Postel, Magatakardan Intanet

A wannan karo za mu leƙa ƙasar Amurka ne domin mu kawo muku tarihin wani masanin kwamfuta mai suna Jon Postel, wanda ya mutu a shekarar 1998. Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa a kasuwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui, ko a Garwa Bulai, ko a Jibiya da Ɗan Isa, amma duk ɗan kasuwar da ya taɓa tura hoton kaya ta waya, ko ya rubuta wa direba saƙo yana tambayar inda ya kwana da lodi, to ya ci moriyar aikin wannan bawan Allah. Shi ne ya tsara a rubuce ƙa'idojin da na'urori suke bi idan sun aika saƙo amsa ta yi jinkiri, ko ta ɓace a hanya, ko kuma ta zo sau biyu.

Wannan matsala kuwa babu wanda ya kai fatake saninta. Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ba ta da teku, don haka akasarin kayan da ake sayarwa a Kilomita Biyar daga tashar jiragen ruwa ta Duwala suke tasowa, su ci tafiyar sama da kilomita 1,400 ta kan iyakar Garwa Bulai da Beloko. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, lokacin da 'yan tawaye suka datse wannan hanya, manyan motoci fiye da dubu suka yi cirko-cirko a bakin iyaka, farashi ya tashi a Bangui. Duk wanda ya ga wannan ya san aika kaya daban, isarsu daban. A kan irin wannan jira na rashin tabbas Postel ya ƙarar da rayuwarsa, sai dai shi kayansa saƙonni ne, hanyarsa kuma waya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Jonathan Bruce Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a garin Altadena na jihar Kalifoniya. Ya yi makarantar sakandare ta Van Nuys, inda su Vint Cerf da Steve Crocker su ma suka yi karatu, waɗanda daga baya suka zama abokan aikinsa. Daga nan ya shiga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjeles, ya sami digirin farko a fannin injiniya a 1966, na biyu a 1968, sannan digirin digirgir a ilmin kwamfuta a 1974.

Yana wannan jami'a ne ma'aikatar tsaron Amurka ta ba da kuɗi a gwada haɗa kwamfutocin wasu cibiyoyin bincike ta layin tarho, aikin da aka sa wa suna ARPANET. Postel yana cikin ɗaliban da suka yi aikin a ƙarƙashin Farfesa Leonard Kleinrock. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, aka gwada aika saƙon farko daga Los Anjeles zuwa wata cibiyar bincike kusa da Jami'ar Stanford, amma haruffa biyu kacal suka isa na'urar ta tsaya cik. Tun daga ranar farko ke nan aka fahimci cewa magana tana iya katsewa a tsakiya, kuma dole a tanadi abin da za a yi idan hakan ta faru.

A wannan shekara ce kuma Steve Crocker ya soma wasu takardu masu lamba da ake kira RFC, inda masu aikin suke rubuta abin da suka amince a kai. Ba a daɗe ba aikin tacewa da adana waɗannan takardu ya koma hannun Postel, kuma bai ajiye shi ba har mutuwarsa. Shi da kansa ya rubuta, ko ya sa hannu a rubuta, sama da 200 daga cikinsu. A shekarar 1977 ya koma Cibiyar Kimiyyar Bayanai ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Marina del Rey, inda ya zauna shekara 21.

Yadda ya tsara zancen na'urori

A intanet ba a aika saƙo dunƙule guda. Ana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi ya kama hanyarsa, tamkar ɗan kasuwar da ya raba kayansa a motoci goma. Mota ta bakwai tana iya riga ta biyu isowa, ta huɗu kuma ta lalace a daji. Vint Cerf da Bob Kahn ne suka fito da tunanin ƙa'idar TCP a 1974 domin magance wannan. A 1977 Postel ya kawo shawarar cewa an ɗora wa ƙa'ida ɗaya aiki biyu, gara a raba: ɗaya, wato IP, ta ji da adireshi da kai ƙunshi kawai, ɗayar kuma, wato TCP, ta ji da ƙirga abin da ya iso da neman abin da ya ɓace. Haka aka yi. A watan Satumba na 1981 ya fitar da takardu masu lamba 791 da 793, waɗanda suka zama tsayayyen bayanin waɗannan ƙa'idoji biyu. Aiki ne na mutane da yawa, amma alƙalaminsa ne ya daidaita shi.

Abin da ya fi jan hankali a takarda ta 793 shi ne wani zane da ke nuna matakai 11 da hulɗar na'ura biyu take iya kasancewa a ciki, tun daga sauraro, zuwa neman izinin magana, zuwa ƙulla zance, har zuwa sallama da rufewa. A kowane mataki an rubuta abin da na'ura za ta yi idan amsa ta zo, ko idan lokacin jira ya ƙare ba ta zo ba, da matakin da za ta koma bayan nan. Wannan shi masana suke kira tsarin matakai.

Mu 'yan kasuwa muna da irinsa tun kaka da kakanni. Ciniki yana farawa da tambayar kuɗi, sai tayi, mai kaya ya ce albarka a ƙara, har a kai ga sallamawa, sannan biya da ɗaukar kaya. Kalma ɗaya tana sauya ma'ana gwargwadon matakin da ake ciki. Neman ragi kafin a sallama ciniki ne, amma bayan an sallama an ba da kafin alƙalami ya zama rigima. Haka ita ma na'ura, ba ta karɓar bayanai sai an ƙulla zance, kuma ƙulla zancen sau uku ake yinsa: ta farko ta yi sallama, ta biyu ta amsa tare da tata sallamar, ta farkon ta sake amsawa, sannan kowace ta tabbata 'yar'uwarta tana jinta.

Bayan nan kowane ƙunshi yana tafe da lambarsa. Mai karɓa yana jera su bisa lamba, yana mayar da shaidar cewa ya karɓa har zuwa lamba kaza. Idan mai aikawa ya jira shaida ba ta zo ba, sai ya sake turawa. Idan kuma ashe na farkon jinkiri ya yi bai ɓace ba, mai karɓa zai ga lamba ɗaya sau biyu ya jefar da ɗaya. Hatta bayan an yi ban kwana, takardar ta ce a dakata ninki biyu na tsawon lokacin da ƙunshi zai iya yi yana yawo a hanya, wato minti huɗu a lissafinta, don kada wani tsohon ƙunshi da ya makara ya faɗo cikin sabuwar hulɗa.

Amfanin wannan tsari shi ne na'ura ba ta zama ta naɗe hannu tana jiran mutum guda. Dubi dillali a ranar kasuwa, yana da ciniki goma a lokaci ɗaya, wannan ya taya ya tafi shawara, wancan ya tafi kawo kuɗi, wani kuma yana jiran a auna. Dillalin yana riƙe da matakin kowa a ransa, duk wanda ya dawo sai a ɗora daga inda aka tsaya. Da irin wannan dabara masu rubuta manhaja suke sa kwamfuta ɗaya ta yi hulɗa da dubban wayoyi a lokaci guda. Ko alamomin WhatsApp da muka saba gani, agogo, sai maki ɗaya, sai biyu, sai su koma shuɗi, matakai ne na saƙo, kodayake Postel bai rayu ya ga wannan manhaja ba.

A nan akwai abin lura ga mai tura kuɗi ta waya. Na'ura tana gane ƙunshin da ya maimaitu saboda lambarsa ɗaya ce, amma idan mutum ya gaji da jira ya sake ba da umarnin turawa, to sabon ciniki ya buɗe da sabuwar lamba, kuɗin kuma suna iya fita sau biyu. Shirun waya bai nuna kuɗi ba su tafi ba. Abin da ya dace shi ne a duba ragowar kuɗi da lambar shaidar turawa kafin a maimaita.

Postel ne kuma ya rubuta ƙa'idar UDP a 1980, mai shafi uku kacal, wadda ba ta jiran shaidar karɓa, abin da ya sa ta dace da kiran murya, inda kalmar da ta makara ba ta da sauran amfani. A 1982 ya rubuta ƙa'idar aika wasiƙar imel, inda ya bambanta amsar da ke nufin a sake gwadawa an jima da wadda ke nufin kada a sake wahala. Shi ne ya tsara jadawalin ƙaurar da aka yi ranar 1 ga Janairu, 1983, lokacin da dukkan kwamfutocin ARPANET suka koma kan TCP da IP.

Akwai wata shawara tasa da ta yi suna har ake kiranta dokar Postel, wadda ma'anarta ita ce na'ura ta tsananta wa kanta wajen bin ƙa'ida a abin da take aikawa, amma ta yi sassauci a abin da take karɓa daga wasu. Wannan ya taimaka ƙwarai a farkon zamani, da yake kamfanoni daban-daban ne suke ƙera na'urorin. Sai dai daga baya wasu masana sun nuna cewa yawan kawar da kai yana sa kuskure ya zauna daram har ya gagari gyara, kuma yana buɗe wa ɓarayi ƙofa. A 2023 an fitar da takarda mai lamba 9413 a kan wannan batu. Duk wanda ya taɓa karɓar buhu ba tare da aunawa ba saboda kunya zai gane abin da suke nufi.

Riƙon amanar kundi

Aikinsa na biyu shi ne riƙe kundin lambobi. Tun daga 1972 ya ɗauki nauyin rubuta wace lamba aka ba wane aiki, don kada biyu su yi karo, kamar yadda sarkin kasuwa yake sanin rumfar kowa. Wannan aiki ne ya girma ya zama ofishin da ake kira IANA. Bayan da abokin aikinsa Paul Mockapetris ya ƙirƙiro tsarin sunayen intanet a 1983, ofishin Postel ne yake miƙa wa kowace ƙasa haruffanta biyu. A shekarun 1990 aka ba da .ng na Nijeriya, da .ne na Nijar, da .cm na Kamaru, da .td na Chadi, da .cf na Afirka ta Tsakiya. A wata takarda ta 1994 ya bayyana cewa wanda aka damƙa wa sunan ƙasa mai riƙon amana ne da aka ɗora wa hidimar jama'a, kuma ofishinsa ba zai shiga yanke hukuncin wace ce ƙasa ba, jerin da hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar zai bi.

Mutum ne mai dogon gemu da dogon gashi, wanda ya fi son takalmi sandal da yawo a duwatsu, kuma bai tara dukiya da wannan matsayi ba, alhali a lokacin sunayen intanet sun zama haja mai kawo miliyoyin daloli. Ƙarfinsa duka yardar da injiniyoyi suka yi masa ce.

An ga iyakar wannan yarda ranar 28 ga Janairu, 1998. A lokacin gwamnatin Amurka tana shirin sauya yadda ake tafiyar da sunayen intanet, babban kundin kuma yana kan kwamfutar kamfanin Network Solutions mai kwangila da gwamnati. Sai Postel ya aika wa masu kula da takwas daga cikin manyan kwamfutocin tushe wasiƙa cewa su riƙa ɗaukar kundin daga ofishinsa, suka kuwa bi maganarsa. Jami'an fadar shugaban ƙasa, musamman Ira Magaziner, suka nuna rashin amincewa. Postel ya bayyana abin a matsayin gwaji, cikin 'yan kwanaki aka mayar da komai yadda yake. Masu amfani da intanet ba su ga wani canji ba, amma abin ya nuna cewa kasuwa ta girmi a bar ta a kan mutuncin mutum ɗaya, komai gaskiyarsa.

Mutuwarsa

A watan Satumba na 1998 aka kafa hukumar ICANN domin ta gaji aikin, shi ma yana cikin waɗanda suka tsara ta. Bai ga fara aikinta sosai ba, domin ya mutu ranar 16 ga Oktoba, 1998, a Los Anjeles, bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Vint Cerf ya rubuta ta'aziyyarsa aka sa ta cikin jerin takardun da ya yi wa hidima, da lamba 2468. Ƙungiyar Intanet ta duniya ta sa lambar yabo da sunansa, wadda Farfesa Nii Quaynor na Ghana ya samu a 2007. Takardarsa ta 793 ta yi shekara 41 tana aiki kafin a maye gurbinta da sabuwa a 2022, kuma matakan nan 11 suna nan a cikin sabuwar. Ita kuwa gwamnatin Amurka sai a watan Oktoba na 2016 ta janye hannunta daga sa ido a kan kundin.

A nan za mu dakata. Sai mun sake haɗuwa a fitowa ta gaba da tarihin wani, idan Allah Ya kai mu. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kawo lodi lafiya.